Zanen da Na Buga a Pantai Dalam

Ni dai ba son harsuna ne ya kai ni ajin koyon harshen Indonesiya ba, dole ce. Binciken digirina na uku a kan matan da ke sana'ar tufafi a cikin gida ne, yadda suke haɗa kai su sayo kayan aiki su kuma fitar da abin da suka yi. Rabin aikin na gama shi a Kano kafin in taho Kuala Lumpur. Ɗaya rabin kuwa sai na tsallaka tsibirin Jawa na zauna da matan ƙauye masu yin batik, zanen nan nasu da ake yi wa ado da narkakken kaki kafin a rina. Jami'ar da za ta karɓe ni a can ta ce babu takardar gayyata sai da shaidar cewa na iya harshen, magana da rubutu. Sufabaiza ɗina dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa, amma rannan bai yi min kwana-kwana ba. Ya ce in ban samo shaidar nan a wannan zangon ba, za mu cire Jawa daga binciken, in ƙarasa da abin da ke hannuna. Ni kuwa saboda Jawa na bar miji da yara uku na hayo jirgi.

Ana cikin haka korona ta sauka, aka kulle gari. Jirgin ƙasan da ke wucewa ta ƙasan benenmu a unguwar Pantai Dalam ya koma zirga-zirga fanko, sai ka leƙa ta baranda ka ga mutum biyu a tarago, kowa da takunkumi. Muna hawa na goma sha ɗaya, ni da wata baiwar Allah 'yar Zariya mai karatun haɗa magunguna. Ta girme ni, ina ce mata Yaya, ita kuma tun ranar da muka haɗu ba ta taɓa kiran sunana ba, Bakanuwa kawai. Kun dai san tsakaninmu da Zagezagi, in ba a yi tsiya ba abinci ba ya wucewa. Ita ce ke fita cefane, ni ina girki, a haka muka ci watanni.

Ajin ya koma kan kwamfuta. Mu tara ne, fuskoki tara a 'yan akwatuna, daga ƙasashe daban-daban. Malamarmu 'yar Jawa ce, ta zo koyarwa na shekara guda aka rufe iyaka a kanta, ta maƙale a wani ɗaki da take haya a unguwar Kampung Baru. Ibu muke ce mata, haka suke kiran duk macen da ake girmamawa, kamar dai mu ce Mama ko Hajiya. 'Yar siririya ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta tura tabarau ta kalle ka ta cikin kwamfutar sai ka gyara zama.

Na shiga ajin nan da girman kai, ba zan ɓoye ba. Gani nake harshen Malesiya da na Indonesiya ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ni kuwa shekara biyu ina ciniki a kedai, wato shagunansu, na iya cewa a yi min tapau in ina so a ƙunsa min abinci in tafi da shi, na iya neman ragi har mai shago ya yi dariya ya rage. Aikin gida na farko da ta dawo min da shi, jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kan takardar. Raina ya ɓaci. Na buɗe makirufo a gaban kowa na ce ai dai an gane abin da nake nufi. Ta ce, "An gane. Mai kifi ma yana gane ki. Matan da za ki je wurinsu ba kifi za su sayar miki ba, rayuwarsu za su ba ki." Na kashe makirufon na yi tsaki ni kaɗai, don na san gaskiya ta faɗa.

Da ƙarshen zango ya matso, maganar jarrabawar rubutu ta taso. Babu zauren jarrabawa, babu mai tsaro, kowa yana ɗakinsa da wayarsa a hannu. Ibu ta riga ta gane wasu injin fassara ke yi musu aikin gida. Ta ce mutum tara take karantawa amma murya ɗaya take ji, kuma muryar ba ta ɗan Adam ba ce. Don haka ta fito da wata dabara tata. Za ta aika wa kowannenmu abu guda daga kayan gadon gidansu da ta taho da su, abin da ba za ka same shi a intanet ba. Ka ajiye shi mako biyu, ka duba, ka taɓa, ka shinshina, ka kira ta ka yi tambaya a kansa da harshen. Sannan ka rubuta shafi uku da hannunka: me ka gani, me ka koya, me ya tuna maka a garinku. Ka mayar mata da kayanta tare da takardar, ita kuma ta zaunar da kai ta bidiyo ta yi maka tambayoyi a kan abin da ka rubuta.

Wani ya tambaye ta yadda za ta ba da maki. Ta ce tana duba ko maganar ta jeru, ko kalmomin sun dace da wurinsu, tana kuma cire maki a kan kuskure, kada wanda ya yi zaton ta yafe. "Amma kuskure zan iya gyara muku," in ji ta. "Rubutun da babu kowa a cikinsa ne ba ni da maganinsa."

Wani Bajapane aka aika masa 'yar tsanar fata ta wasan inuwa. Wata Baturkiya ta samu turmin dutse na niƙa barkono, ta ɗaga mana shi a kyamara tana nishi. Ni kuma mai babur ya ajiye min leda a bakin ƙofar bene, na sauka na ɗauko, na buɗe a kan gado. Zane ne. Ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu, layuka a karkace, a tsakaninsu fukafukan tsuntsu, da 'yan ɗigo-ɗigo ƙanana kamar ƙwayar gero, dubbai, kowanne da hannu aka ɗiga shi. Ga laushi, ga ƙamshin tsohuwar adaka. Na kira Ibu a waya. Ta ce mahaifiyarta ce ta zana shi tana budurwa, wata da watanni tana zaune da 'yar butar tagulla mai siririn baki tana zuba kaki. Da shi aka goya Ibu, da shi ta goya 'yarta. Ta ce ta zaɓa min shi ne don ta san ni 'yar gidan tufafi ce.

Ai kuwa ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Gidanmu a bayan marina yake. Na tashi na tarar da Innarmu tana ɗaure farin yadi da zare, ƙulli-ƙulli, a kai marina a tsoma a baba, a kwance zaren, adon ya fito. Ƙanen babanmu kuwa mabugi ne. Shi da abokan aikinsa suna zaune a rumfa, gungumen itace a tsakaninsu, a ninke riga a ɗora, su yi ta dukanta da manyan guduma na katako har ta ɗauki sheƙi. Wannan ƙarar ita ce agogonmu muna yara, in ta tsaya mun san azahar ta yi. Saboda haka da na riƙe zanen Ibu ban ji baƙon abu na riƙe ba.

Kwana goma na yi ina rubutu. Ban taɓa injin fassara ba, wannan kam Allah ne shaidata, amma ƙamus ya sha wahala a hannuna. Duk inda ƙaramar kalma za ta yi aiki sai na nemo ƙatuwa na dasa. Na gina rubutun gaba ɗaya a kan abu guda: ga zane ya haura shekara hamsin, ya goya uwa ya goya 'ya, ya hau jirgi ya tsallaka teku, amma ko huda babu a jikinsa. Na karanta wa Yaya da ƙarfi ina ɗaga hannu. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta ce, "Bakanuwa, wannan ai jawabin gwamna ne ranar buɗe asibiti." Na ce hassada ce irin tasu.

Saura kwana biyu a mayar da kaya, sai tarbiyya ta motsa. A gidanmu ba a mayar da kwanon maƙwabta fanko, ba a kuma mayar da zanen aro yadda aka karɓo shi. Sai ya fi yadda ya zo kyau, in ba haka ba an nuna ba a san mutunci ba. Mako biyu ina jagwalgwala zanen baiwar Allah da hannun girki, in naɗe shi haka in tura mata? Haba, ai sai a ce ba a haife ni a gida ba.

Wankin kam na yi shi da ilimi. Ruwan sanyi, ɗan gishiri, ba sabulu, na shanya a inuwar baranda. Ko ɗigon launi bai zuba ba, na ji kaina ya ƙara girma. Da ya bushe sai na ga fuskarsa a mace, duk ya yamutse. Dutsen guga yana nan a ɗaki, amma a wurinmu guga ta yadin kanti ce. Tufa mai daraja bugu ake yi mata. Na dama sitati kaɗan na yayyafa, na ninke zanen yadda na ga ana yi tun ina yarinya, na wanke katakon yanka albasa na shimfiɗa a ƙasa, na ɗauko 'yar taɓaryar da muke daka citta da ita.

Yaya ta leƙo daga ɗakinta. "Ke kuma me za ki yi da taɓaryata?"

"Bugu zan yi."

"Zanen mutane? Bakanuwa, ki rufa wa kanki asiri. An ce ki rubuta, ba a ce ki gyara ba."

"Yaya, ke dai tsaya a kan ƙwayoyinki. Wannan sana'ar gidanmu ce."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma. Na zauna dirshan bayan azahar na fara. Wallahi daɗi na ji. Tun da aka kulle mu ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Ƙarar na fita daidai, tim, tim, ina juya zanen ina bi, sheƙi ya fara fitowa a kan shuɗin, har na kama 'yar waƙa. Na manta da korona, na manta ina hawa na goma sha ɗaya a ƙasar mutane. Can sai na ji wani sauti da ba na bugu ba, siriri, kamar an yage takarda.

Na ajiye taɓaryar. Na warware ninkin a hankali. A kan tsohon layin ninki, inda zanen ya shekara da shekaru a naɗe, ya tsage ya fi taƙi guda, ta tsakiyar fiffiken tsuntsu.

Salatin da na saka ne ya fito da Yaya. Ta duba zanen, ta dube ni. Na jira ta ce garin neman gira an rasa ido, don ta samu dama, kuma da ni ce da na faɗa. Ba ta ce ba. Ta shiga kicin ta haɗo min shayi, ta zauna kusa da ni a ƙasa. Da na ɗan natsu ta ce, "Saurara. Tsohon zane ne. Ki ninke shi yadda ya zo ki mayar. Kafin ta warware an gama ba da maki, in ta gani ma za ta ce tsufa ne. Ba don mugunta na faɗa ba, yaranki nake tunawa."

Ba zan yi ƙarya ba, na ninke. Na sa shi a ledarsa, na ɗora jawabin gwamnan a kai, na ɗaure. Lissafin a fili yake: in Ibu ta fusata ta kayar da ni, babu wata jarrabawa sai wani zangon, Jawa kuma ta tafi. Na tayar da sallar la'asar, na rasa raka'a nawa na yi. Da na sallame sai na kira Innarmu, lokacin hantsi ne a Kano.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Shekararsa nawa?"

"Ya fi hamsin, Inna."

"Kika buga? Da taɓarya? Wa ya koya miki wannan aika-aikar? Kin taɓa ganin Baffanku ya ɗora tsohuwar riga a gungume? Sabo ake bugu, tsoho lallaba shi ake yi." Ta yi min tatas, ni da 'ya'yana uku, ina riƙe da waya ina sharar hawaye. Na ce to ko in ɗinke, na iya ɗinkin da ba ya nunawa. Ta ce, "Kul. Kin taɓa shi sau ɗaya ba a sa ki ba, kada ki ƙara. Mai shi ce za ta faɗi yadda za a yi da shi. Ki gaya mata da bakinki."

Da bakin nawa ne matsalar. Na san kaina, in na kira Ibu kuka zai riga ni, ɗan harshen da na koya ya gudu ya bar ni. Yaya ta ce to in tura kyakkyawan rubutun, in haɗa da 'yar takardar ban haƙuri daban. Shawara ce mai kyau, na kwance ledar na sake karanta shi. Shafi uku cur ina yabon zanen da ko huda babu a jikinsa, ga shi kuma a gabana a tsage. Ba zan iya sa hannu a ƙarƙashin wannan ba.

Washegari da safe na ɗauko sabuwar takarda. Mai babur zai zo da la'asar, babu lokacin ƙamus. Da kalmomin da ke kaina na rubuta, gajeru-gajeru kamar na 'yar aji uku. Na ce: Ibu, na yaga zanen mahaifiyarki. Ba tsufa ba ne, ni ce. Na faɗi yadda zanen yake ranar da ya zo, da ƙamshinsa, da ɗigon da na yi ƙoƙarin ƙirgawa na gaji. Na faɗi abin da ta koya min a waya game da kaki da rini. Na ba da labarin rumfar mabuga da yadda riga ke fitowa tana ɗaukar ido. Na ce a garinmu abin kunya ne ka mayar da kayan aro bai fi yadda ya zo ba, na so in girmama ta ne da abin da na iya, ashe ban iya ba. Na rubuta cewa an hana ni ban ji ba, na rubuta cewa na ninke shi da niyyar ɓoyewa. Inda ban san kalmar taɓarya ba sai na zana hotonta a gefe. Na cika shafi uku, ban ko sake karantawa ba don kada zuciyata ta karye.

Kwana huɗu babu labari. A zauren ajinmu na waya kowa yana cewa Ibu ta tabbatar masa kayansa sun iso, ni shiru. Na ƙona shinkafa sau biyu. Yaya ta karɓe girkin, ta ce ba za ta mutu da yunwa saboda Kanawa ba.

Ranar tambayoyi na sa mayafina mafi kyau na zauna gaban kwamfuta. Ibu ta bayyana, takarduna a gabanta. Ba ta yi murmushi ba. Ta yi magana a hankali yadda zan gane.

"Na karanta ranar da ya zo," in ji ta. "Na warware zanen, na yi kuka. Kwana biyu ban taɓa takardarki ba, don ina fushi, kuma ba na ba da maki ina fushi. Har yanzu ban gama hucewa ba, gara ki sani."

Na ce na sani, Ibu, ki yafe min.

"Wannan daban. Yanzu jarrabawa muke yi. A shafi na biyu kin ce mutum biyu ke dukan riga ɗaya. Ta yaya ba sa dukan hannun juna?"

Tambayar ta zo min a ba-zata. Na fara bayani ina in'ina, sai na ga hannuwana sun shiga, wannan ya sauka wancan ya tashi, ina kwaikwayon sautin da baki. Ta tambayi irin itacen, ta tambayi me ya sa ake yayyafa ruwa, ta tambayi ko mata na yi. Ina amsawa, kalmomi na zuwa daga inda ban san na ajiye su ba. In na yi kuskure ta gyara, in maimaita, mu wuce. Minti goma sha biyar aka ba kowa, muka ninka. A tsakiyar haka ta cire tabarau ta ce a ƙauyensu ma ana bugun yadi da gudumar katako, amma fari, sabo fil, kafin a sa masa kaki, don ya kwanta. Tana yarinya akwai tsohon da ke yi a bayan gidansu. Ta ce ba ta taɓa zaton akwai wasu mutane a duniya da suka tashi da wannan ƙarar a kunnensu ba.

Sannan ta ɗaga takardata a kyamara. Jan biro dai yana nan, bai ragu ba ko kaɗan. Ta ce ta cire duk makin da ya kamata ta cire, kuma da yawa ne. "Amma na ga katakon, na ji ƙarar, na san inda kika zauna. Wata huɗu ina karanta ki, yau na fara haɗuwa da ke. Kin ci, ba da rata mai yawa ba."

Na rufe baki da mayafi. Daga bayan ƙofa na ji Yaya ta rangaɗa guɗa, ashe laɓe take yi, ko da yake ba ta jin abin da ake faɗa, fuskata kawai take karantawa.

Ibu ta jira na natsu. Ta ce saura abu ɗaya, kuma babu maki a cikinsa. Zanen ba nata ba ne, na mahaifiyarta ne, tana nan da ranta a ƙauye, kuma ba ta gaya mata ba. "Ke za ki rubuta mata. Ni zan ɗauki hoton wasiƙar in tura, ba zan gyara ko harafi ba."

Wannan wasiƙar ta fi jarrabawar wuya. Rabin shafi ce, na yini a kanta. Na gaishe ta yadda ake gaida tsofaffi a wurinmu, na tambayi jikinta da yadda suke fama da annoba, na faɗi laifina, na sa lambar wayata a ƙasa don ladabi kawai. Shaidar cin jarrabawa ta fito, na tura wa sufabaiza, ya amsa da kalma biyu. Ibu ta ci gaba da gaishe ni sama-sama. Daga ƙauye kuwa ko tari, har na cire rai.

Bayan kusan mako uku, an ɗan sassauta kulle, ina tsaye a layi a ƙofar kedai da hantsi ana auna zafin jikin mutane ɗaya bayan ɗaya, sai saƙon murya ya shigo daga wata baƙuwar lamba ta Indonesiya. Na kara a kunne. Muryar tsohuwa ce, tana rawa, ga zakara na cara a bayanta. Harshensu na gida daban ne, amma saboda ni ta yi magana da na makaranta, kalma ɗaya-ɗaya.

Ta ce, "'Yata, na ga wasiƙarki, an karanta min sau biyu. Rubutunki kamar na jikata, amma na gane duka. Kada ki ƙara kuka a kan zane. In an buɗe hanya ki zo gidana ki sauka, mata suna nan, za su gaya miki duk abin da kike nema." Ta yi tari, ta yi 'yar dariya, ta rage murya. "Zanen nan ya taɓa yagewa. A ɗaya gefen, wajen bakinsa. Ni na yaga shi a jikin ƙusa shekarar da na ba malamarku shi, na ɗinke ban faɗa ba. Har yau ba ta gani ba. Kada ki gaya mata."

Saƙon ya ƙare. Mako biyu na yi ina ƙare wa zanen nan kallo, ni 'yar bayan marina, ban ga ɗinkin ba. Sai da mai auna zafi ya yi min magana sau biyu na lura layi ya iso kaina. A nan ne kuma abin ya faɗo min: babu wanda ya fassara min. Tsohuwa a ƙauyen Jawa ta ba ni amana, na ji ta tun daga farko har ƙarshe. Takunkumina ya jiƙe sharkaf, mutumin ya ɗauka ciwon ne, ya ja da baya.

Da aka buɗe iyaka na je, wata biyu na yi a gidan tsohuwar. Ibu kuwa tuni ta huce, muna gaisawa duk sallah. Amanar tana nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, kuma Ibu ba ta jin Hausa.